Man Ogoni: Rijiyoyi a Rufe Tun 1993, Wa Ke da Ikon Cewa a Buɗe?

A ranar 21 ga Janairun 2025 Shugaba Bola Tinubu ya karɓi tawagar shugabannin Ogoni a fadarsa da ke Abuja. Cikin mahalarta akwai Gwamnan Jihar Ribas Siminalayi Fubara, akwai kuma tsohon ubangidansa Nyesom Wike, ministan babban birnin tarayya, mutum biyun da a lokacin ba sa ga maciji da juna. Magana ɗaya ce ta tara su: a koma haƙo mai a ƙasar Ogoni. Aka ɗora wa Malam Nuhu Ribadu, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, alhakin jagorantar tattaunawar. Ba ministan muhalli aka ba aikin ba, ba kuma ministan mai ba. Mutumin tsaro aka ba. Wata biyu ba su cika ba, ranar 17 ga Maris, babban bututun Trans-Niger ya yi bindiga a Bodo, cikin ƙasar ta Ogoni. Washegari shugaban ƙasa ya kafa dokar ta-ɓaci a Ribas, ya dakatar da gwamna da mataimakiyarsa da majalisar dokokin jihar na wata shida, ya kuma ambaci fasa bututu cikin dalilansa.

Ƙasar da ake wannan kai-komo a kanta ba ta da wani girma. Murabba'in kilomita kusan 1,000 ce a gabashin Fatakwal, ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Khana, Gokana, Tai da Eleme, garin Bori kuma shi ne cibiyarsu. Mutanen tudu manoman doya da rogo ne. Na bakin ruwa masunta ne, matansu kuma sukan shiga taɓon dajin mangurof idan ruwa ya ja baya, su tsinto ƙananan dodon-koɗi da ƙaguwa, wanda da shi ake cefane, da shi ake biyan kuɗin makaranta. A 1958 kamfanin Shell-BP ya samu mai a Bomu, shekara biyu bayan na Oloibiri. Daga baya aka gina matatar mai a Alesa Eleme, sai masana'antar taki da tashar jiragen ruwa a Onne. Dukiyar ƙasa ta yi ta bi ta kan gonakin mutane tana wucewa.

Kafin a shiga labarin zanga-zanga da rataya, sai an fahimci yadda doka ta raba abin, domin a nan tushen rikicin yake. Man da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne. Haka dokar man fetur ta 1969 ta ce, haka sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya maimaita. Filin da ke saman man yana hannun gwamna, bisa dokar mallakar ƙasa ta 1978, kuma idan an karɓe shi, diyyar shuka da gini ake biya, ba ta filin kansa ba. Kason da ake mayar wa yankin da aka samo arziki ya kai kashi 50 cikin ɗari a tsarin mulkin 1963, aka yi ta zaftare shi a zamanin soja da bayansa har ya koma kashi ɗaya da rabi a farkon shekarun 1980, ya ɗan tashi zuwa 3 a 1992, sannan tsarin mulkin 1999 ya tsayar da shi a aƙalla 13. Wannan kashi 13 ɗin kuwa baitulmalin jiha yake shiga, gwamna ke juya shi. Wato mai na Abuja, fili da kuɗi na Fatakwal, riba ta masu hannun jari. Abin da ya rage wa manomin garin K-Dere na Ogoni shi ne malalar mai a gonarsa, da kuma abu guda da babu dokar da ta ba shi amma yana hannunsa: ya ce ba a shiga garinsa.

Shi ne abin da suka yi. A 1990 dattawa da 'yan bokon Ogoni suka rattaba hannu kan takardar neman haƙƙoƙinsu, suka miƙa wa gwamnatin Janar Babangida, suka kafa MOSOP, ƙungiyar fafutukar kare al'ummar Ogoni. Sun nemi cin gashin kai a cikin Najeriya, da rabo mai ma'ana daga arzikin ƙasarsu, da kare muhallinsu. Ken Saro-Wiwa, marubuci kuma ɗan kasuwa, shi ne bakin ƙungiyar. Ba baƙon gwamnati ba ne: ya yi kantoman Bonny a ɓangaren tarayya lokacin yaƙin basasa, ya kuma yi kwamishina a Jihar Ribas har zuwa 1973. A ƙarshen 1992 MOSOP ta ba kamfanonin mai wa'adin kwana 30 su biya dala biliyan 10, shida kuɗin mai, huɗu diyyar ɓarna, ko su tattara nasu-ya-nasu. Ranar 4 ga Janairun 1993 mutum kusan 300,000 suka fito zanga-zangar lumana, daga al'ummar da a lokacin ake ƙiyasta ta da rabin miliyan. A watan Afrilu sojojin da ke rakiyar kamfanin Willbros, ɗan kwangilar shimfiɗa bututu, suka buɗe wuta kan manoman da suka fito kare shukarsu a Biara. A cikin shekarar Shell ya dakatar da haƙo mai a Ogoni. Abin da yake fitarwa a can bai wuce ganga 28,000 a rana ba, ɗan ƙaramin kaso na abin da yake samu a Najeriya. Abin da ya tsorata hukuma ba asarar gangunan ba ce, tsoron kada sauran ƙabilun yankin su kwaikwaya ne.

Akwai ɓangaren labarin da masu ba da shi daga waje sukan yi sauri su wuce, alhali shi ne ya fi shafar yau. Ogoni sun rabu a tsakaninsu. Batun ƙaurace wa zaɓen 12 ga Yunin 1993 ya raba shugabannin MOSOP gida biyu: Saro-Wiwa da matasa suna son a ƙaurace, dattawan da ke da alaƙa da jam'iyyu da gwamnatin jiha ba sa so. Shugaban ƙungiyar Dokta Garrick Leton da mataimakinsa Cif Edward Kobani suka ajiye muƙamansu. Matasa suka fara kiran dattawan da ake zargi da kusanci da gwamnati "ungulaye". A daidai lokacin rikici ya ɓarke tsakanin Ogoni da maƙwabtansu Andoni, aka ƙona garuruwa irin su Kaa, MOSOP kuma ta ce da hannun jami'an tsaro a ciki. Gwamnatin sojan jihar, ƙarƙashin Laftanar Kanar Dauda Komo, ta kafa runduna ta musamman wadda Manjo Paul Okuntimo ya jagoranta.

Ranar 21 ga Mayun 1994 gungun mutane suka afka wa wani taro a Giokoo, cikin Gokana, suka kashe manya huɗu: Edward Kobani, Albert Badey, Samuel Orage da Theophilus Orage. Saro-Wiwa ba ya wurin, jami'an tsaro sun riga sun mayar da shi daga hanya a ranar. Duk da haka aka kama shi, aka gurfanar da shi da wasu a gaban kotu ta musamman ƙarƙashin Mai Shari'a Ibrahim Auta, kotun da ba a ɗaukaka ƙara daga hukuncinta. Lauyoyin da ke kare su, da Gani Fawehinmi a gaba, suka janye suna cewa ba shari'a ake yi ba. Shaidu biyu na masu gabatar da ƙara daga baya suka yi rantsuwa cewa saye su aka yi. Ranar 10 ga Nuwamban 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye mutum tara a gidan yarin Fatakwal, ana tsakiyar taron ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, wadda nan take ta dakatar da Najeriya. A 2009 Shell ya biya iyalan wasu daga cikinsu dala miliyan 15 da rabi a ƙarar da suka kai shi a Amurka, ba tare da ya amsa laifi ba. Daga ranar ratayar Ogoni suke da gawarwaki kashi biyu, tara da huɗu, kowane kashi da iyalansa da mabiyansa, kuma duk wanda ya zo da maganar mai sai ya bi ta tsakaninsu.

Shell ya tafi, amma ƙarafansa ba su tafi ba. Rijiyoyin da ba a toshe su yadda ya kamata ba suna nan cikin ciyawa, bututun Trans-Niger kuma ya ci gaba da ɗauko ɗanyen mai daga wasu wurare yana ratsa Ogoni da shi zuwa tashar Bonny. Abin da ya faru a Bodo a 2008 shi ne misalin da ya fi fito da yadda abin yake aiki. Bututun ya tsage a wurin walda. Mutanen gari suka ce tun ƙarshen Agusta man ke tsiyaya, kamfani ya ce farkon Oktoba ne. Abin da ba a musu a kai shi ne sai ranar 7 ga Nuwamba aka toshe. A Disamba wani wurin ya sake fashewa, shi ma ya ɗauki makonni.

Idan mai ya malala, akwai tawagar binciken haɗin gwiwa da ke zuwa: wakilin kamfani, na NOSDRA, hukumar tarayya mai sa ido kan malalar mai, na gwamnatin jiha, da na al'umma. Su duba ramin, su cike takarda, kowa ya sa hannu. Layi biyu a takardar su ne komai. Na farko, me ya jawo: lalacewar bututu ko hannun mutum? Idan aka rubuta hannun mutum, babu diyya, haka dokar bututun mai ta tanada. Na biyu, ganga nawa? Jirgin ruwan da aka shiga aka zo na kamfani ne, kayan awo nasa ne, injiniyan da ya san karatunsu nasa ne. Wakilin gari masunci ne da aka miƙa wa biro. A malalar farko ta Bodo takardar ta ce ganga 1,640. Ƙwararrun da ƙungiyar Amnesty ta ba hoton bidiyon wurin suka ce ta haura ganga 100,000. Tayin farko da aka yi wa garin mai mutum kusan 69,000 bai wuce fam dubu kaɗan ba, haɗe da buhunan shinkafa da wake. Sai da aka kai ƙara Landan, inda takardun cikin gida na kamfanin suka nuna an daɗe da sanin bututun ya tsufa, sannan a Janairun 2015 Shell ya amince da fam miliyan 55: miliyan 35 ga masunta da manoma 15,600, kowa kimanin naira 600,000 a canjin lokacin, miliyan 20 kuma ga gari.

Adalci ne a faɗi abin da kamfanin ke cewa, domin ba duka ne ƙarya ba. Satar ɗanyen mai da dafa shi a daji, abin da suke kira kpofire, sun zama sana'a a yankin, kuma ɓarnarsu ga ruwa da daji mai yawa ce. Baƙin tokar da ta riƙa sauka kan Fatakwal tun 2016 da ita ake dangantawa. A Bodo ɗin ma, matasan gari ne suka tsayar da aikin tsaftacewa a 2015 kan rabon aiki da kuɗi, sai a 2017 aka fara. Sai dai yaron da ke dafa mai a yau ɗan masuncin da kifinsa ya ƙare jiya ne, kuma jirgin da ke ɗaukar man sata ya fita teku ba na ɗan ƙauye ba ne.

A watan Agustan 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar da rahoton binciken da gwamnatin tarayya ta gayyace ta ta yi. Wata 14 ana aiki, an duba wurare sama da 200, an ɗebi samfur fiye da 4,000. A Nisisioken Ogale, cikin Eleme, an samu sinadarin benzene mai haddasa ciwon daji a ruwan rijiya ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900, an kuma tarar da tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. A Ejama-Ebubu man da ya malala tun wajen 1970 yana nan bayan shekara 40. Hanyar tsaftacewar da kamfanin ya saba ita ce a kafce saman ƙasa, a zuba taki, a bar rana da ƙwayoyin halitta su cinye man. Rahoton ya ce a wurare da dama man ya nutse har mita biyar, inda garma ba ta kai ba, kuma cikin wurare 15 da takardun kamfanin suka nuna an kammala gyaransu, 10 ba su tsallake ma'aunin gwamnati ba. Hukuncin rahoton: shekara 25 zuwa 30 kafin ƙasar ta farfaɗo, da dala biliyan ɗaya don shekara biyar na farko.

Gwamnatin Jonathan ta kafa hukumar HYPREP domin aikin tsaftacewar a 2012, ba ta taɓuka abin kirki ba. Gwamnatin Buhari ta sake mata fasali, Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya je Bodo ranar 2 ga Yunin 2016 ya ƙaddamar da aikin, lokacin Hajiya Amina Mohammed tana ministar muhalli. 'Yan kwangila ba su shiga fili ba sai 2019. A 2020 Amnesty da ƙawayenta suka ce kashi 11 cikin ɗari kawai na wuraren aka fara taɓawa, a ƙarshen 2024 kuma kamfanin dillancin labarai na AP ya wallafa takardun cikin gida na Majalisar Ɗinkin Duniya da ke kukan cewa an ba kamfanonin da ba su san aikin ba kwangila. A 'yan shekarun nan, ƙarƙashin Farfesa Nenibarini Zabbey, wanda ɗan Bodo ne, an ga famfunan ruwa a garuruwa da dashen mangurof a Bomu. An motsa, amma wuraren da suka fi guba, waɗanda man ya kai ga ruwan ƙasa, su ne masu wahala kuma su ne suka fi jinkiri.

Ina gwamnatin jiha a duk wannan? Tun da Janar Gowon ya ƙirƙiro Jihar Ribas a 1967, ɗan Ogoni bai taɓa zama zaɓaɓɓen gwamnanta ba. Daga 1999 an yi Peter Odili, sai Celestine Omehia na 'yan watanni, Rotimi Amaechi, Wike, sannan Fubara. Ƙuri'un ƙananan hukumomi huɗu ba abin rainawa ba ne, shi ya sa kowane ɓangare yake da nasa 'yan Ogoni, da nasa sarakuna, da nasa matasa, har MOSOP ɗin kanta ta dare, kowane tsagi da mai kiran kansa shugaba. Lokacin da Amaechi ke minista a APC, Wike ke gwamna a PDP, aikin tsaftacewa ya zama na Abuja, Fatakwal na kallonsa a matsayin kayan kamfe na abokin gaba.

Abin da ya fi bayyana matsayin jihar ya faru a 2019. Mutanen Ejama-Ebubu sun yi nasara kan Shell a babbar kotun tarayya tun 2010, kamfanin ya yi ta ɗaukaka ƙara. Da aka zo gwanjon kadarorinsa don biyan bashin hukuncin, sai Gwamna Wike ya sanar cewa gwamnatin Ribas ta saye hannun jarin Shell da ke cikin rukunin rijiyoyi mai lamba OML 11, wanda rijiyoyin Ogoni ke cikinsa, kan dala miliyan 150. Shell ya ƙi yarda, aka koma kotu, gwamnatin tarayya kuma ta riga ta ba da umarnin a miƙa gudanar da rukunin ga reshen haƙo mai na NNPC, kotun ɗaukaka ƙara ta mara mata baya a 2021. A shekarar ne Shell ya yarda ya biya mutanen Ejama-Ebubu naira biliyan 45.9. Ko me mutum zai ce kan dabarar Wike, ta nuna abu guda: gwamnatin da ya kamata ta zama mai raba faɗa tsakanin kamfani da ƙauye ita ma mai neman rijiyar ce. A gani na, wannan ya fi kowane jawabi bayyana dalilin da ya sa 'yan Ogoni da dama ke sa neman jihar Bori cikin sharuɗɗansu.

Tun bayan ganawar Janairun 2025 gwamnatin tarayya ke ta miƙa goro. A Fabrairu aka sa hannu kan dokar kafa jami'ar tarayya ta muhalli da fasaha a Ogoni. Ranar 12 ga Yuni shugaban ƙasa ya yi wa mutum taran afuwa, ya ba su lambobin girma. Iyalansu da ƙungiyoyin kare haƙƙi suka ce afuwa ta mai laifi ce, su wankewa suke nema. Iyalan mutum huɗun su ma ba su ji daɗi ba. A Satumba, bayan an ɗage dokar ta-ɓaci, kwamitin tuntuɓa ƙarƙashin Farfesa Don Baridam ya miƙa rahotonsa, shugaban ƙasa ya ba mutum huɗun nasu lambobin, ya kuma umarci Ribadu ya shiga maganar komawa aiki da NNPC. Shi kuwa Shell, a Maris ɗin 2025 ya kammala sayar da kamfaninsa na tudu ga gamayyar Renaissance, ya bar tambayar wa zai ɗauki tsohon bashin ɓarna. Ƙarar da mutanen Ogale da Bille suka shigar kan Shell tana nan a Landan, an sa cikakken zamanta a 2027.

Mai karatu a Arewa ba ɗan kallo ba ne a nan. Kason wata-wata da jihohinmu ke karɓa daga irin wannan bututu yake fitowa. Kuma tun da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin Kolmani a Nuwamban 2022, Bauchi da Gombe suka fara ja-in-ja kan a ƙasar wa rijiyoyin suke, domin kashi 13 ɗin nan. Dokar da ta hau kan manomin Gokana ita ce za ta hau kan na Alkaleri, harafi da harafi.

Dokar masana'antar mai ta 2021 ta zo da sabon tanadi: kamfani ya zuba kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanarwarsa na shekarar da ta gabata a asusun al'ummar da yake aiki a cikinta. Kamfanin ne ke kafa kwamitin amintattun asusun. Sashe na 257 kuma ya ce idan aka fasa bututu, za a cire kuɗin gyara daga rabon al'ummar. Wato an mayar da ƙauye mai gadin bututun da ba nasa ba, kuma takardar binciken nan mai layi biyu ita ce dai za ta yanke ko hannun mutum ne. Wannan ne tayin da doka ta ajiye wa Ogoni idan sun buɗe ƙofa, sai abin da aka ƙara musu a teburin tattaunawa.

Rijiyoyin da suka shekara sama da 30 babu mai kula da su ba a kunna su kamar famfo. Sai injiniyoyi sun shiga K-Dere da Yorla da Korokoro sun duba su ɗaya bayan ɗaya, sun tono tsofaffin bututu, sun shimfiɗa sababbi ta cikin gonakin rogo. Shugabannin da suka je Abuja za su iya sa hannu a takarda, amma ba su ne ke noma waɗannan gonakin ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke noma su ba su yarda cewa waɗancan ne wakilansu ba. Motar farko da za ta shiga, ko dai gari ya tarbe ta, ko sojoji su rako ta kamar yadda suka rako ta Willbros a Biara. Kasancewar fayil ɗin yana ofishin mai ba da shawara kan tsaro ya nuna har yanzu gwamnati ba ta cire hanya ta biyun daga lissafinta ba.